Ƙyallen Maraba da Na Rubuta wa Mista Hirano

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, can farkon shekarun casa'in, da na tsaya a harabar ofishinmu a Kontagora sanye da baƙar kwat ta aro, zufa na bin gadon bayana, ina jiran a kira ni a gaban jama'a a yaba mini. An kuwa kira ni. Amma kafin in kai ku wurin sai na fara da yayana, domin ba don shi ba, da ni da rubutun Japan ko a hanya ba za mu haɗu ba.

Yaya Bawa ya girme ni da shekara tara. Shi ya riƙe gidanmu bayan rasuwar Baba, shi ya riƙa kai ni makaranta a bayan kekensa, shi ya koya mini riƙe biro. Makanikin tarakta ne a wata ma'aikatar noma, hannunsa kuma na da kyau a aikin, har aka sa shi cikin waɗanda za a tura Japan kwas na wata shida. Ranar da muka raka shi tasha zai hau motar Legas, ya dafa kaina (alhali a lokacin na riga na fi shi tsawo) ya ce, "Ka kula da Inna. Kafin a yanke dawa na dawo."

An yanke dawa sau biyar bai dawo ba.

Da farko wasiƙa na zuwa duk wata. Da kwas ya ƙare ya rubuto cewa ya samu aiki a wata masana'anta, zai ɗan ƙara zama kaɗan. A shekara ta biyu ya aiko da wani ƙunshi mai nauyi. A ciki akwai littattafan labarin zane guda biyar, kowanne kaurinsa ya kai na bulo, da wani ɗan littafi mai ɗauke da haruffan da ake koya wa 'yan firamare a can, kusan dubu, kowanne da ma'anarsa da Turanci. Ya haɗo da 'yar takarda: "Wannan shi ne abin da yaransu da manyansu ke karantawa a jirgin ƙasa. Kai da kake son zane, ga shi nan." Bayan wannan wasiƙa biyu suka ƙara zuwa, daga nan shiru. Muka yi ta rubutawa, ba amsa, ba a kuma dawo mana da namu ba.

Duk Juma'a in na fito masallaci nakan bi ta gidan waya in duba akwati. In na shigo gida Inna ba ta tambaya. Hannuna kawai take kallo, sai ta ci gaba da abin da take yi. Ɗakinsa kuwa kullum a share yake.

A wannan shirun ne na buɗe ɗan littafin haruffan. Lokacin ina akawu a ofishin da ke kula da ruwan sha na karkara, aikin da rabin yininsa zama ne. Na roƙi mai shagon unguwarmu ya riƙa ajiye mini kwalayen sukari, ina yanka su ƙanana kamar girman kwalin ashana. A gaba in zana harafin, wanda suke kira kanji, a baya in rubuta ma'anarsa da Hausa. Waɗanda na iya suna aljihun dama, waɗanda suka gagare ni suna na hagu. (Aljihun hagu sau uku Inna tana ɗinke mini shi.) Bayan sallar asuba in ja goma, a ofis in ja goma, in ina jiran mai faci ya gama da kekena in ja biyar.

Farkon abin daɗi ne. Harafin mutum ƙafa biyu ne kamar mai tafiya. Na dutse kamar cokali mai yatsu uku a tsaye. Itace ɗaya bishiya, biyu kurmi, uku daji. Na ce ashe abin wasa ne, mutanen nan tsoratar da duniya kawai suke yi. Sai da na yi nisa na fara cin karo da harafi ɗaya mai zane goma sha takwas, kamar an taka gizo-gizo a kan takarda. Babbar matsalar kuma ita ce ban taɓa jin ɗan Japan ya yi magana ba, in ban da 'yar ƙara-ƙara da nakan kama a rediyo. Ma'ana nake haddacewa, sauti kuwa sai abin da bakina ya ga dama.

Littattafan zanen daga dama ake buɗe su, kamar littafin Larabci, wannan bai ba ni wuya ba. Maganar da ke ciki ce aiki. A cikin haruffa goma in na gane biyu, sauran takwas ɗin sai in cike da tunanina. Na yi shekara guda ina tausaya wa wani mutum mai tabo a fuska da na ɗauka likita ne mai taimakon marayu, daga baya na gane shugaban 'yan daba ne. Gaskiyar magana ma ba labarin ne ya fi damuna ba. Bayan mutanen nake kallo: lunguna, turakun lantarki, tashar jirgi, 'yan ƙananan ɗakunan da ake zama a ƙasa ana cin abinci da tsinke. Nakan daɗe a kan shafi ɗaya ina cewa a raina, ko ta irin wannan lungun Yaya ke bi zuwa aiki? Ko a irin wannan ɗakin yake kwana? Wa yake gaisarwa da safe? In na haddace sabon harafi sai in ji kamar na ɗan matsa kusa da shi da taku ɗaya.

A hankali labari ya bazu cewa akwai wani yaro a ofishin ruwa da ke karanta Japananci. Masu gyaran babur suka fara kawo mini kwalayen kayan gyara. In duba in ce, "Wannan alamar mai ce, wannan ta wuta," sauran kuma in ƙarasa da abin da kowa ya riga ya sani game da babur. Suka sa mini suna Malam Japan. Ban hana ba. In faɗi gaskiya, har tafiyata ta ɗan canza.

Wata safiya shugaban ofishinmu, Mista Yohanna, ya aiko a kira ni. Dattijo ne mutumin wajen Auna, mai son ma'aikatansa, Hausarsa da ɗan karin Kambari a ciki. Ya miƙo mini takarda daga Minna. Wasu injiniyoyi 'yan Japan za su zo haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan da kurkunu ya addaba, wajen Bangi da Nasko. Shugabansu sunansa Hirano, an ma maƙalo katinsa, gefe ɗaya Turanci, ɗaya gefen rubutunsu.

"Yarona, ranarka ta zo," in ji Mista Yohanna. "Ina so mutumin nan in ya sauko daga mota, abin da zai fara gani shi ne maraba da yarensu. Za ka iya?"

"Ranka ya daɗe, ai wannan ƙaramin abu ne."

(Har yau in na tuna yadda na faɗi wannan maganar, ina kaɗa kai kamar wanda ya yi digiri a Tokyo, sai in ji kunnuwana sun yi zafi.)

Da na koma gida na gaya wa Inna. Ta shiga ɗaki ta buɗe adakarta ta fito da ambulan ɗin wasiƙar Yaya ta ƙarshe, mai adireshinsa a baya.

"Ka nuna masa," ta ce. "Ƙasarsu ce. Ba zai rasa wanda ya san wani ba."

"Inna, ƙasar fa ba kamar Kontagora ba ce. Mutanen cikinta..."

"Ka dai nuna masa."

Na sa ambulan a aljihu. Dabarar da na tsara ita ce in fara burge mutumin. In ya ga rubutuna ya yi mamaki, ya tambayi wanda ya yi, sannan in kawo maganar yayana, ba zai iya cewa a'a ba.

Sai dai ɗan littafina haruffa ne ɗai-ɗai, babu inda aka rubuta yadda ake cewa barka da zuwa. Don haka na koma ga littattafan zane, na bi su shafi-shafi ina neman inda ake tarbar babban baƙo. A na uku na samu. Zane ne da ya cika shafi biyu. Ga wata babbar ƙofa, ga baƙaƙen motoci a jere, ga maza cikin baƙaƙen kwat sun yi layi dama da hagu sun sunkuyar da kai, wani tsoho na saukowa daga mota. A gefe manyan furanni ne zagaye kamar faifai, an ɗora su a kan sanduna. A bakin ƙofar kuma wani dogon farin allo ne a tsaye, da baƙin rubutu daga sama zuwa ƙasa. A shafi na gaba an nuna cikin zauren, da babban hoton wani mutum kewaye da furanni, kamar dai yadda muke rataya hoton gwamna. Akwai wata mata tana share ido da hankici. Na ce farin ciki ne.

Na zauna na fasa rubutun allon. Harafin farko yana cikin katunana, a bayansa na rubuta "tsoho, na da". Na ce dattijo ke nan, girmamawa ce. Sai sunan mutumin. Sai wasu haruffa biyu masu yawan zane da babu su a littafina, na yanke hukuncin cewa irin su "mai girma" ne, tunda dama kalmomin girmamawa ba a rasa su da nauyi. Biyun ƙarshe na san su sarai, ɗaya "taro" ɗaya "wuri". Wurin taron girmama dattijo wane. Abin da ya rage kawai in cire sunan mutumin in sa Hirano, wanda ga shi nan a katinsa.

Aka sayo farin ƙyalle yadi huɗu da gwangwanin baƙin fenti. Kwana uku na yi a kansa. Haruffa biyun nan da ban sani ba, sai da na gwada kowanne sau arba'in a kan tsohuwar jarida kafin in sa a ƙyalle. Ba yabon kai ba, ya yi kyau. Ban taɓa yin rubutu mai kyansa ba, kafin nan ko bayan nan.

Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Amma tunda na zama masani, sai na ɗauki tsarin taron gaba ɗaya. Na sa aka yi furanni da kwali da takarda aka ɗora a kan gora, na ce a yi su farare (littafin ba shi da kala, fari na gani). Na ce kowane ma'aikaci ya zo da baƙar kwat. Aka bazu gari neman aro, daga malaman sakandare zuwa ma'aikatan kotu, masinjanmu ma da rigar mawaƙan coci ya zo. Mista Yohanna ya ce a kira makaɗa, na ce ranka ya daɗe su ba sa son hayaniya a irin wannan taro. Na kuma gargaɗi kowa kada ya yi murmushi, domin a zanen babu mai murmushi ko ɗaya. Abu guda da ya gagare mu shi ne hoton baƙon da za a kewaye da furanni. Na yi baƙin cikin rashinsa a lokacin. Yanzu kam ina gode wa Allah.

Ranar Talatar ta zo cikin tsakiyar zafin bazara. Dagatai da masu unguwanni na ƙauyukan da za a yi wa rijiya suna zaune ƙarƙashin rumfa. Mu ma'aikata, da muka fi ashirin, mun yi layi biyu cikin baƙaƙen kaya muna narkewa. Ƙyallena na tsaye a bakin ƙofa tsakanin gora biyu, ya fi mutum biyu tsawo. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wata farar jif ta shigo. Wani darakta daga Minna ya fara fitowa, sai wani matashin ɗan Japan, sai Mista Hirano, gajeren dattijo mai furfura, cikin kakin aiki, da ɗan tawul a wuya.

Da murmushinsa ya fito. Na ba da alama, muka sunkuya gaba ɗaya, wuri ya yi tsit. Ta gefen ido na ga ya ɗaga kai ya dubi ƙyallen. Murmushin ya tafi. Ya karanta daga sama har ƙasa, ya sake komawa sama. Ya dubi furannin, ya dube mu. Matashin da ke tare da shi ya juya mana baya, kafaɗunsa na rawa. Na ce a raina, ka ga har kuka yake, ya tuna gida.

Mista Hirano ya yi magana da wani Turanci a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya. Mista Yohanna na riƙe da lasifika, domin shi zai riƙa fassara wa dagatai.

"Wa ya rubuta wannan?"

Mista Yohanna ya kamo hannuna ya jawo ni gaba, fuskarsa cike da alfahari. "Yaronmu ne. Bai taɓa zuwa ko'ina ba, a nan garin ya koya da kansa."

Na sunkuya na faɗi gaisuwa ɗaya tilo da na haddace. Daga yadda ya dube ni na san bai gane ko da wane yare na yi ba.

"Rubutunka ya fi na ɗana kyau," in ji shi. "Amma yaushe na mutu? Ba wanda ya gaya mini."

Mista Yohanna ya fassara rabin farko da ƙarfi, ya fara na biyu, sai ya tsaya. Darakta ya matso ya tambayi abin da aka rubuta. Mista Hirano ya je gindin ƙyallen ya riƙa nuna haruffan da yatsa, kamar malami a gaban allo.

"Wannan na sama, marigayi. Wannan sunana ne, daidai yake. Waɗannan biyun, jana'iza. Gaba ɗaya, nan ne wurin jana'izar marigayi Hirano." Ya sake duban kwat-kwat ɗinmu da fararen furanni. "Komai an yi shi yadda ake yi. Gawar ce kawai ta zo da ƙafarta."

Ban sani ba ko ruɗewa ce ko sabo da aiki, Mista Yohanna ya ɗaga lasifika ya mayar da wannan duka da Hausa, bai bar ko kalma ɗaya ba. Wani tsohon dagaci ya yi salati. Sai wani daga can baya ya ce, "To Allah ya jiƙansa." Daga nan wuri ya ɓarke. Masu layi suka watse, masinja ya durƙusa cikin rigar cocinsa yana riƙe ciki, darakta ya cire tabarau yana share hawaye. Shi kansa marigayin dariya yake har da dafa mota.

Ni kuwa ina tsaye a tsakiya, ambulan ɗin Inna na aljihuna ya jiƙe da zufa. Ban san lokacin da ƙafafuna suka kai ni bayan ofis ba. Na hau kekena na yi gida, da kwat ɗin mutane a jikina.

Ina shiga ɗaki na jawo ɗan littafin na nemo harafin farkon nan. Ga shi: tsoho, na da, dalili. A can ƙarshen layin kuma, da ƙananan baƙaƙe, an ce in ya zo kafin sunan mutum, ma'anarsa marigayi. Yana nan tun ranar da Yaya ya aiko littafin. Katin kwalin sukarina ne bai da fili, na kwafi biyun farko na bar sauran.

Kwana uku na yi ina zazzaɓin ƙarya. Kafin su cika, labari ya gama kasuwa da tasha, sunana ya tashi daga Malam Japan ya koma Limamin Japan. A rana ta uku da hantsi Inna ta ɗaga labulen ɗakina.

"Ka ba shi ambulan ɗin?"

Na tashi zaune na ba ta labarin duka, ina kallon ƙasa. Da na kai wurin gawar da ta zo da ƙafarta, sai na ji wani sauti. Inna ce ke dariya. Ta jingina da bango ta yi ta yi har tana share ido da haɓar zane. Rabon da in ji dariyarta irin wannan tun Yaya na gida.

Da ta nutsu ta ce, "Shi mutumin ya yi fushi?"

"Ban tsaya na gani ba."

"To. Kai kunyarka kwana uku gare ta. Ni jirana shekara uku ke nan. Tashi ka wanke fuska ka je."

Washegari na bi motar ofis mai kai bututu zuwa wani ƙauye a hanyar Bangi, inda suka fara haƙa. Na same shi da azahar a gindin ɗorawa, yana cin shinkafa a cikin wani ɗan kwano mai murfi, injin na ta ruri a bayansa. Da ya hango ni ya ajiye kwanon ya miƙe ya sunkuya mini.

"Ga mai jana'izata," ya ce.

Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce ƙyallen na cikin akwatinsa a naɗe, zai kai wa matarsa, ranar da abin ya zo da gaske ba sai sun nemi mai rubutu ba. Ya nuna mini wuri kusa da shi na zauna. Ya ga aljihuna a kumbure ya tambayi mene ne, na fito da katunan. Ya riƙa juya su ɗaya bayan ɗaya, yana duba zanen, yana juyawa ya ga hoton sukari a wasu.

"Wa ya koya maka?"

"Ba kowa, yallaɓai."

"Don me kake koyo? Wannan abu ko yaranmu kuka suke yi a kansa."

Sai kawai na fito da ambulan ɗin na miƙa masa. Na ce yayana ne, shekara uku ba mu ji daga gare shi ba, mahaifiyarmu ce ta ce in nuna masa. Ya sa tabarau ya karanta adireshin. Ya ce garin na da nisa da nasu, tafiyar rabin yini ce a jirgin ƙasa.

"Ba zan yi maka alkawarin samunsa ba," ya ce. "Amma zan je."

Ya kwafi adireshin a littafinsa. Sannan ya buɗe walat ya nuna mini hoton wata jaririya, jikarsa ta fari, wadda aka haifa bayan ya taso. Hoton kawai aka aiko masa, bai taɓa ɗaukarta ba. Muka zauna muna kallon hoton, injin na ta ruri.

Daga nan duk Asabar nakan bi su duk ƙauyen da suke. In ya samu sarari sai in riƙa ɗaga masa kati yana faɗin sunansa, ina maimaitawa. A bakinsa na fara jin muryar haruffan da na yi shekaru ina ɗauka a aljihu. Da ruwan farko ya sauka suka haɗa kayansu. Ranar tafiya ya ce mini zai rubuto da yarensu, domin Turancinsa na baki ne, amma zai sauƙaƙa.

Sai bayan wata biyar wasiƙar ta zo, wata Juma'a. A matakalar gidan waya na buɗe ta. Shafi biyu ne. Ban fara daga farko ba. Sunan Yaya na nema, da haruffan da suke rubuta sunayen baƙi, na same shi a wuri shida. A kowane wuri na ɗora yatsa na duba abin da ke samansa, ina neman harafin nan da yanzu na fi sanin sa fiye da kowane. Na farko babu. Na biyu babu. Har na shida babu. Na zauna a kan matakalar, mutane na tsallake ni suna wucewa.

Sauran wasiƙar kuwa kwana biyu na yi ina karantawa, Inna na zaune a tabarma kusa da ni, kowane ɗan lokaci ta ce, "Ya ce me?" A wannan karon duk inda ban gane ba sai in ce mata ban gane ba, mu tsallake. Abin da muka haɗa shi ne, Mista Hirano ya je gidan. Tsohuwa mai gidan ta tuna da Yaya, ta ce mutum ne mai gaisuwa, yakan gyara mata famfo. Masana'antar ta rufe, ya koma wani gari a bakin teku inda ake kwance tsofaffin motoci. Mista Hirano ya yi ta buga waya har ya samu wanda ya san shi, ya je ya gan shi ido da ido. Yana da rai, yana da lafiya. Takardun zamansa ne suka ƙare, ba ya iya fita ya dawo, tsoro da kunya suka hana shi rubutu, kullum yana cewa sai abubuwa sun gyaru.

Inna ta sa na maimaita mata "yana da lafiya" sau uku, ta ce in nuna mata inda aka rubuta. Na nuna mata. Ta ɗora yatsa a kai.

Bayan wata biyu wasiƙar Yaya da kansa ta zo, rabin shafi, farkonta "Inna ki yafe mini". Daga nan bai sake yankewa ba. Sau ɗaya na kai ta ofishin waya a Minna suka yi magana ta minti uku. Ba ta sake ganinsa ba. Sai shekara guda bayan rasuwarta ya samu dawowa, da furfura a kansa. Mun zauna a ɗakin nan nasa, na kawo masa wasiƙar Mista Hirano don ya gani da idonsa. Ya juya ta, ya miƙo mini, ya ce in karanta masa, shi magana kawai ya iya, haruffan da ya sani ba su fi hamsin ba.

Ni har yau ban je Japan ba, kuma da wuya in je. Tsofaffin abokan aiki in mun haɗu a ɗaurin aure har yanzu Liman suke kirana, jikokinsu na ɗauka salla nake ja a wani masallaci. Abin da na koya dai bai da yawa. In ban san abu ba, in ce ban sani ba tun kafin a sayo yadi huɗu. Kuma duk abin da zan karanta in bi layin har ƙarshe, domin abin da zai kashe maka baƙo a can yake, da ƙananan baƙaƙe.